Gumboron da muka saya da kuɗinmu

Duk wanda ya taɓa kiwon kajin gidan gona ya san safiyar gumboro. Za ka buɗe ƙofar ɗakin kaji ka ji shiru, irin shirun da ke sa gaba ya faɗi. 'Yan tsakin da jiya suke rububin abinci har suna taka juna, yau sun takure a lungu, gashi ya tashi buzu-buzu, ido a lumshe, gindi ya ɓaci da farin zawo. Ni ta same ni a zubina na 3 da fara sana'ar, suna da kwana 24. Cikin 400 da na zuba, sai da na kwashe mushe 90 da ɗoriya a kwana 5.

Likitan dabbobin da na kira bai tsaya dogon turanci ba. Ya ɗauki guda cikin matattun, ya kwantar da ita rigingine a kan buhun abinci, ya tsaga ta da reza, ya ture hanji gefe da ɗan yatsa. Can ƙarshe, dab da mafitar kashi ta ɓangaren baya, ya nuna mini wata 'yar jaka da ba ta fi ɗan goruba ƙarami ba, ta kumbura ta yi suntum, ga ɗigo-ɗigon jini a cikinta. Ya ce, "Ka ga wannan? Sunanta bursa. Nan ce makarantar sojojin kaza, cutar nan kuma makarantar take faɗa wa. Waɗanda suka mutu sun huta. Waɗanda suka rayu su za su ba ka wahala, don ko ka ba su Lasota, rigakafin wata cutar kajin, ba lallai ta kama ba." Haka kuwa aka yi. Ragowar suka tashi a kumame, yau mura gobe zawo, na sayar da su a wulaƙance.

Shekara 6 bayan wannan na sake jin sunan bursa, a ofishin likitan gaɓɓai, ina zaune kusa da Yaya.

Yaya ta girme ni da shekara 14, ita ta goya ni, har yau kuma Auta take kirana ko a gaban 'ya'yana. Sana'arta kitso. A unguwarmu idan biki ya taso, tun asuba mata ke bin layi a tsakar gidanta, kuma an san hannunta: shukunta yana yin wata bai tuje ba. Abin ya fara ne da ƙagewar yatsu da safe. Takan tashi sallar asuba ta kasa damƙe buta, sai 'yarta ta riƙa zuba mata ruwa. Sai hantsi ya dubi ludayi sannan hannun ya sake. Daga yatsu ya hau wuyan hannu, dama da hagu lokaci guda, sannan gwiwoyi, har ta koma sallah a kan kujera. Kowa ya kawo sunansa: wannan ya ce sanyi, wancan ya ce amosani, wata gwaggonmu ta yi ƙasa da murya ta ce hannu aka sa mata saboda kasuwarta ta yi yawa. An yi ƙaho, an sha sassaƙe, an shafa man da ban san iyakarsu ba. Wani mai kemis ya haɗa mata ƙwayoyi a leda, ta ji daɗinsu sosai, ashe har da deksametason a ciki, irin wanda 'yan mata ke kira sha-ka-fashe. Fuskarta ta yi fam kamar wata, ciwon kuma yana nan yana cin gaɓɓai a ɓoye.

Sai da muka kai ga likitan gaɓɓai, bayan jiran layi na watanni, aka yi gwajin jini aka gaya mana gaskiyar magana. Garkuwar jikinta ce ta juya tana yaƙar shimfiɗar da ke cikin gaɓoɓinta. Aka ɗora ta a kan metotireksat sau ɗaya a mako, daga baya aka ƙara wasu guda 2. Shekara ɗaya da rabi ana haka. An samu sauƙi, amma yatsun sun fara karkacewa wajen ƙaramin yatsa, tsinken kitso kuwa ta daɗe da ajiye shi.

Ranar da nake magana, likitan ya ce akwai allurai masu ƙarfi da yakan so ya fara da su, masu toshe wani sinadarin kumburi, amma suna tayar da tarin fuka da ya kwanta, Yaya kuwa ta yi tarin fuka tana budurwa. Ya ce, "Hajiya, abin da ya fi dacewa da ke shi ne rituksimab. Ƙarin ruwa ne sau 2, mako 2 tsakani. Zai share wani rukuni na fararen ƙwayoyin jininki da ake kira ƙwayoyin B, na wasu watanni."

Na ce, "Likita, B ɗin nan ta mece ce?"

Ya yi murmushi, ya ce, "Ba za ka yarda ba. Ta bursa ce, wata aba a jikin kaza."

Jikina ya yi sanyi. Abin da ya faɗo mini shi ne buhun nan da rezar nan da kumamun kajin nan. Ban san lokacin da na ce ba, "Wato gumboro za mu saya mata da kuɗinmu?" Yaya ta zungure ni da gwiwar hannu. Likitan kuwa ya ajiye biro ya dube ni da kyau, ya tambayi sana'ata, da na gaya masa ya ce to ai na fi ɗalibansa da yawa kusa da fahimtar abin, in je in yi tunani, mu dawo bayan mako 3 da sakamakon gwajin hanta.

Makonnin nan 3 na yi su ina karatu a waya da daddare a gona, ina gadin wutar 'yan tsaki. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda kaza ta tsaya a tsakiyar labarin tun farkonsa. Jakar nan, wani masanin sassan jiki na birnin Paduwa a Italiya, Fabrishiyus, shi ya fara bayyana ta, aka buga bayanin a 1621 bayan mutuwarsa. Shi a zatonsa ma'ajiyar maniyyin zakara ce. Sama da shekara 300 ba wanda ya san aikinta. Sai a jami'ar jihar Ohayo a Amurka wani ɗalibi, Bruce Glick, ya riƙa cire wa 'yan tsaki ita don ya ga me zai faru, bai kuwa ga komai ba, suka girma lafiya lau. Ana nan sai abokin karatunsa Timothy Chang ya ari wasu kajin don ya nuna wa 'yan aji yadda jiki ke ƙera antibodi, wato makaman da garkuwa ke yi wa kowace cuta daidai da ita. Ya yi musu allurar ƙwayar salmonela, ya jira, ya ɗebi jini, babu komai. Darasi ya lalace. Da suka bincika littafin Glick sai suka ga kajin da suka ba da kunya su ne marasa bursa. Babbar mujallar kimiyya ta ƙi karɓar rahoton, sai mujallar masu kiwon kaji ce ta buga shi a 1956. A nan ya kwanta shekaru, don likitocin mutane ba sa karanta abin da mu masu kaji ke karantawa.

Wani likitan yara, Max Cooper, shi ya tono shi. A 1965, a Minesota, da shi da Robert Good suka nuna cewa sojojin jiki runduna 2 ne. Waɗanda suka yi karatu a taimos, wata tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji, su ne T. Waɗanda suka yi a bursa su ne B, su ke ƙera antibodi. Mu mutane ba mu da bursa, tamu makarantar a cikin ɓargo take.

To a nan ne hankalina ya fara kwanciya, kuma da misalin tsangaya na gane shi, don na yi allo kafin boko. Ƙwayar B tana farawa ne kamar kolo a cikin ɓargo. Ta girma ta zama titibiri, ta zama gardi mai yawo gari-gari, a jini da saifa da kaluluwa. Idan ta gamu da cutar da aka halicce ta dominta, sai ta rikiɗe ta zama abin da ake kira ƙwayar filasma, kamar alaramman da ya haddace ya zauna wuri ɗaya, ba ya yawo, aikinsa kawai zubo antibodi shekara da shekaru. Akwai wata alama a fatar ƙwayar, kamar hula, ana ce mata CD20, wadda wani likita a Boston, Lee Nadler, ya gano a 1980. Kolo bai sa hular ba tukuna. Alaramma ya riga ya cire ta. Titibiri da gardi ne ke sanye da ita, rituksimab kuma mai hula kaɗai yake kamawa. Shi kansa antibodi ne da aka ƙera a masana'anta, bakinsa na ɓera, sauran jikinsa na mutum. Yana maƙale wa hular, sai sauran dakarun jiki su ga alama su zo su gama aikin.

Ka ga bambancinsa da gumboro. Gumboro tana samun ɗan tsako ne tun bai tara komai ba, ta rushe makarantar da kanta. Maganin nan kuwa yana barin ɓargo da kolayensa, yana barin tsofaffin da suka haddace ƙyanda da sauran cututtukan da Yaya ta yi ko aka yi mata rigakafinsu tun tana yarinya. Bayan wata 6 zuwa 9 sai sababbin ɗalibai su fara fitowa. Fatan da ake yi shi ne su fito ba su gaji rigimar na gabansu ba, ko aƙalla su daɗe kafin su koye ta.

Ban ce babu haɗari ba, kuma namu haɗarin a hanta ya ɓullo. Gwajin da aka saba yi, irin na ba da jini ko na kafin aure, ya nuna Yaya ba ta da ciwon hanta nau'in B. Amma likitan ya rubuta wani gwaji na biyu, wanda ke nuna ko ƙwayar ta taɓa shiga jiki, shi kuma ya nuna ta taɓa. Ita ba ta ma san an yi ba. Ƙwayar nan ba ta barin hanta gaba ɗaya, kwanciya take yi, garkuwa na danne da ita. Ka janye ƙwayoyin B, sai ta iya miƙewa, kuma mutane sun mutu ta wannan hanya, har hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a takardar maganin a 2013. A Najeriya, inda binciken ƙasa na 2018 ya samu kusan kashi 8 cikin 100 na manya ɗauke da ƙwayar, waɗanda kuma ta taɓa ratsa su sun ninka haka, ni a ganina duk wanda ya ɗaura wa mutum wannan ruwa bai yi gwajin nan na biyu ba ya yi ganganci, ko da kuwa gwajin zai sa a ƙara tafiya wani gari. Aka ba Yaya entekabir, ƙwaya ɗaya kullum, aka ce ko an gama ƙarin ruwan za ta ci gaba da sha aƙalla shekara guda. Aka kuma yi mata alluran rigakafin da suka rage mata wata guda kafin a fara, don bayan an share ɗaliban rigakafi ba ya kamawa sosai. Da likita ya faɗi wannan na ce a raina, Lasota bayan gumboro.

Kuɗi kuwa, kada ma a tono. Kwalba 4 ake buƙata masu miligiram 500, biyu a kowane zama. Ba na asali muka saya ba, irin wanda wasu kamfanoni ke kwaikwaya ne bisa ƙa'ida. Indiya ta fara fitar da nata tun 2007, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa rituksimab cikin jerin magungunan da ba a rasa su a 2015, ta kuma tantance kwaikwayon farko a 2020. Duk da haka kwalaben nan 4 sun lashe ribar zubi guda na kajina da sarƙar Yaya. Dole a ajiye su a sanyin digiri 2 zuwa 8, kada su daskare, kada su ji zafi. A nan sana'ata ta yi rana. Kular da nake ɗauko rigakafin gumboro da ita, ita na wanke na jera ƙanƙara, na naɗe kwalaben da tawul don kada su taɓa ƙanƙarar kai tsaye, na rungume ta a cinya a mota kamar jariri. Na tsaya a kan mai sayarwa sai da ya buɗe mini firijinsa na ga ma'aunin sanyi da idona. Ya ji haushi. Ni kuwa na taɓa sayen mataccen rigakafi, na san yadda kwalba ke yin kyau a ido alhali babu komai a cikinta.

Ɗakin ƙarin ruwan na masu ciwon daji ne, a nan ake haɗa kowa. Kujeru a jere, kowa da sandarsa. Sista ta fara ba Yaya farasitamol da maganin ƙaiƙayi da allurar rage kumburi, sannan ta ɗaura ruwan a hankali, ɗigo-ɗigo, duk rabin awa ta zo ta auna jini da zafin jiki ta ɗan ƙara gudu. Wajen awa ɗaya da farawa Yaya ta ce, "Auta, maƙogwarona na ƙaiƙayi." Na ga kunnuwanta sun yi ja. Na miƙe a firgice, Sista kuwa ko a jikinta, ta rufe ruwan, ta ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, aikinsa ya fara." Ta jira ya lafa ta sake buɗewa a rabin gudun da. Mun shiga da hantsi, sai bayan la'asar muka fito.

A kujerar da ke kusa akwai wani dattijo, manomi daga ƙauye, kansa ƙwal babu gashi, har gira ta zube. Ɗansa na zaune a ƙasa da leda cike da takardu. Na lura kwalin da ke hannun yaron iri ɗaya ne da namu sak. Na gaishe su na ce, "Baba, kai ma gaɓɓai ne?" Ya ce, "A'a ɗana, ni ƙari ne a wuya." Ya nuna mini tabon. Ɗan ya ba ni labari: kaluluwa ce ta fito masa ta ƙi komawa, ga zufa da dare, ga rama. A wani asibiti aka ce tarin fuka ne, ya sha magani wata 6 cur ƙarin na ƙara girma. Sai da aka yanko tsoka aka duba, aka kuma aika ta wani wuri aka yi mata rini na musamman, sannan aka ga sankarar ƙwayoyin B ce, masu sanye da hular nan.

Na daɗe ina kallon sandunan nan 2. Ita tata ƙwayoyin ba su yi yawa ba, tarbiyya ce suka rasa, suka ɗauki gida a matsayin abokin gaba. Shi nasa guda ɗaya ce ta haukace ta yi ta haihuwa ba tsayawa. Ciwo biyu da ba su yi kama ba ko kaɗan, kwalba ɗaya.

Asali ma don irin su Baba aka yi maganin. A 1997 aka amince da shi a Amurka, shi ne antibodin farko da aka ba lasisi don maganin daji. Haɗin da Baba ke karɓa duk kwana 21 ana kiransa R-CHOP. Harufa 4 na ƙarshe tsofaffin magungunan daji ne, har da wani ja da ke sa fitsari ya yi ja, R ɗin kuma rituksimab. A 2002 likitocin Faransa suka buga gwajin da suka yi a kan tsofaffi 399 masu shekara 60 zuwa 80: waɗanda aka ba CHOP kaɗai, 63 cikin 100 ƙarin ya ɓace gaba ɗaya, waɗanda aka ƙara wa R kuwa 76. Shigowarsa fagen gaɓɓai kuma wani likita ne a Landan, Jonathan Edwards, ya nace a kai lokacin da kusan kowa ke ɗora laifin a kan ƙwayoyin T. Gwajinsa ya fito a 2004, aka amince a 2006. Daga nan ƙofa ta buɗe: cutar da ke cinye rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, wata mai sa fata da baki su yi ta ɗurar ruwa suna saluɓewa, wasu masu kumbura jijiyoyin jini har su kashe ƙoda. An kuma gane cewa aikin ƙwayoyin B bai tsaya ga ƙera makami ba, su ne ma ke kai wa ƙwayoyin T tsegumi suna zuga su.

Wani abu da na ci karo da shi ya tsaya mini a rai, kuma ban taɓa jin an faɗe shi a makaranta ba. A 1958 wani likitan fiɗa a Kampala, Denis Burkitt, ya bayyana wata sankara da ke kumbura muƙamuƙin yara, wadda ta fi yawa a inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Ita ma ta ƙwayoyin B ce, a cikinta kuma aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a 1964. A Ibadan, likita Victor Ngu ɗan Kamaru yana cikin waɗanda suka fara nuna cewa magani na narkar da ita, har ya samu lambar yabo ta Lasker a 1972. A Ibadan ɗin dai, a 1963, wani masani mai suna Pulvertaft ya raya ƙwayoyin ƙarin wani yaro ɗan Najeriya mai shekara 11 a cikin kwalba, suka ƙi mutuwa. Ana kiransu Raji. Har gobe suna nan a ɗakunan bincike na duniya, kuma idan za a gwada ko sabon maganin ƙwayoyin B yana kisa, sau da yawa a kansu ake fara gwadawa. Wato jinin ɗanmu yana cikin abin da aka gina wannan ilimi a kai, mu kuma muna sayar da sarƙa kafin mu taɓa kwalbar.

Zama na biyu ya zo da sauƙi, ko ƙaiƙayi babu. Sai jira. An gaya mana ba ya aiki nan take, amma mako 6 ba canji sai Yaya ta fara cewa, "Auta, ka zubar da kajinka a banza." A wata na 3 ne 'yarta ta kira ni da asuba, ta ce Umma ta yi alwala da kanta. A wata na 4 na shiga gidan na tarar da ita a kan tabarma, ƙaramar jikarta a tsakanin ƙafafunta, tana yi mata kalaba. A hankali take yi, tana tsayawa tana murza yatsu, layin ma bai miƙe kamar na da ba. Yatsun da suka karkace sun karkace ke nan, magani ba ya mayar da abin da ciwo ya riga ya cinye, shi ya sa har yau idan na tuna shekarun ƙaho da ledar kemis raina ke ɓaci. Ta yi mura mai nauyi sau 2 a cikin hunturu, ɗaya har ta sauka ƙirji aka ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta. Yanzu duk zazzaɓi ba ma jira, kuma likita na auna yawan antibodin jininta kafin kowane zagaye, don idan aka yi ta maimaitawa yakan ragu.

Tun daga nan na zama mai bibiyar labarin ƙwayoyin nan kamar yadda wasu ke bibiyar ƙwallo. Ba ko'ina rituksimab ya yi nasara ba. A cutar lufus, wadda ita ma garkuwa ce ke juyawa tana yaƙar jiki, ta fi kama mata matasa kuma ta fi tsanani a baƙar fata, manyan gwaje-gwaje 2 sun kasa nuna amfaninsa, ko da yake likitoci na ba da shi idan abu ya ƙi. Wani dalilin da ake bayarwa shi ne yana share jini amma ba ya kai wa ga waɗanda suka ɓuya can cikin tsoka da kaluluwa. Sai aka biyo ta wasu hanyoyi. A 2011 aka amince da belimumab, wanda ke hana ƙwayoyin abincin da suke rayuwa da shi, sabon maganin lufus na farko cikin sama da shekara 50. Sannan ga wanda ya fi kama da almara: a ɗebi ƙwayoyin T na majiyyaci, a sauya musu halitta a ɗakin bincike su koyi farautar wata alamar da ke fatar ƙwayoyin B, CD19, a mayar masa. Wata yarinya Ba'amurkiya, Emily Whitehead, mai sankarar jini da ta gagari komai, ita ce yarinyar farko da aka yi wa a Filadelfiya a 2012. Ta kusa mutuwa da zazzaɓin da maganin ya tayar, ta tashi, yau ta zama budurwa. Da aka ba shi lasisi a 2017 kuɗinsa dala 475,000 ne. A 2021 likitocin Erlangen a Jamus, ƙarƙashin Georg Schett, suka gwada shi a kan wata mai shekara 20 da lufus ya kusa gamawa da ita, sannan wasu bayanta. Ƙwayoyin B nasu suka ɓace, bayan wata 3 zuwa 4 sababbi suka dawo, ciwon bai dawo tare da su ba, sun kuma ajiye magunguna. Mutanen ba su da yawa tukuna, shekarun ma ba su yi nisa ba, don haka nake karanta shi da ido ɗaya. Indiya ta fito da nata a 2023 a kusan kashi ɗaya cikin goma na farashin Amurka. Na ba Yaya labarin, ta ce, "To Allah ya kawo shi lokacin jikokinmu," ta ci gaba da tsifar da take yi.

Baba na sake ganinsa sau ɗaya, ranar da muka je ganin likita. Wuyansa ya sace sarai, ya yi fari, yana cin gyaɗa. Na duba hannun ɗan ban ga kwali ba. Ya ja ni gefe ya ce, "Malam, wannan karon babu R. Shanun sun ƙare." Cikin zagaye 6, uku suka samu da ita. Na karɓi lambarsa, na kira sau 2 bayan sallah ba ta shiga ba.

Ita kuwa Yaya, a wata na 9 ƙagewar safe ta fara leƙowa, minti 10, minti 20. Ɗalibai sun dawo. Likita ya sa rana, ya ce wannan karon zai gwada rabin adadin farko, kwalba 2 ke nan maimakon 4. Na zauna na yi lissafi da kalanda, na zuba buroila 500 ranar Talatar da ta wuce. Jiya da magariba na janye musu ruwa na awa 2, na dama madarar gari a bokiti, na fasa kwalbar rigakafin gumboro a ciki, na tsaya da fitila sai da na ga kowanne ya tsoma baki. Idan Allah ya tsare, za su isa sayarwa kwana 12 kafin ranar. Kular na nan a rataye, na wanke ta.